Kunnuwan Ƙyalla da Tafiyar Rijiyar Buzu

Zuwa ga Sarkin Dawa da dattawan mafarautanmu. Gaisuwa da ban girma, Allah ya ja zamaninku. Ni ne Mati, ɗan marigayi Jatau maharbi, daga wani ƙauye kusa da Gagarawa. Ban iya rubutu ba, malamin garinmu ne ya rubuta mini, don a karanta a bainar jama'a ranar kasuwa.

Na farko, bayan girbin bana kun tara mafarauta daga Gumel har Sule Tankarkar, kuka tafi da karnuka zuwa rijiyar nan ta bayan Maigatari, inda kakanninmu suka karɓo irin karnukanmu a hannun wani Buzu. Na zo da karyata Ƙyalla, na yi mata wanka, na ɗaura mata layarta. Aka ɗaga kunnuwanta, aka ga ba a yanke ba, aka ce karyar gida ce, mu koma. Na koma, kuma wallahi na ji zafi, domin zomayen da ta kama a dajin nan ba sa ƙirguwa.

Na biyu, babana ne ya hana a yanke mata kunne tun tana 'yar kwikwiya. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, ga shi yanzu ƙasa ta rufe masa ido.

Na uku, wannan ne ya hana ni sukuni. Waɗanda suka dawo sun gaya mini cewa da kuka wuce alamar iyakar da Turawa suka kafa, kuka isa rijiyar, jikokin Buzun sun fito da nasu karnukan, duka da kunnuwansu zalo-zalo, har suna tambayar me ya cinye na namu. Ranka ya daɗe, ba gori nake yi ba, so nake in sani. Wa ya fara yankan nan? Don ƙaya ne, ko don faɗa da kura? Ko babana ya san wani abu ne da muka manta?

Roƙona biyu ne. Ku tambayi tsofaffin da suka rage tun suna da rai. Sannan ku bar Ƙyalla ta bi ayarin baɗi. Ta tsufa, haƙoranta sun zube, ba na jin za ta ga wata tafiyar bayan wannan. In ƙafarta ta gaza, a kan jakina zan ɗora ta, ni in taka.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a dawa da gida. Wassalam.