Ina Dama wa Baba Ot Irin na Yaya, Bai San Ta Rasu Ba

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kuma in da hali ki amsa min kafin ƙarshen makon nan, domin abin da ake so in yi ya fi ƙarfin zuciyata. Ban yi nisa a karatu ba, ki yi haƙuri da rubutuna. Yadda maganar ta zo min haka zan zuba ta.

Mu uku ne a wajen mahaifinmu: Yaya, ni, sai Auta. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Baba mai gyaran rediyo ne a da, kafin ciwon ido ya rufe masa gani. Yanzu ba ya gani ko kaɗan, amma kunnensa, Gwaggo, ko allura ce ta faɗi sai ya gaya miki a wane ɗaki ta faɗi.

Yaya ta rasu 'yan watannin baya. Motar da ke kai su wajen aiki ce ta yi hatsari. A lokacin Baba yana kwance a asibiti, ciwon zuciya ya kayar da shi, likita ya ce a kiyaye duk abin da zai firgita shi. Baffa, ƙanin Baba, ya tara mu a barandar asibitin ya ce a rufe maganar tukuna. Haka aka kai Yaya makwancinta Baba bai sani ba. Da aka sallamo shi sai aka ce masa wajen aikinta sun tura ta wani reshe mai nisa, inda waya ba ta shiga sosai. Ya ce Allah ya taimake ta.

To ga inda abincin safe ya shigo. Tun da likita ya hana Baba maiƙo da sukari, ot ake dama masa da safe, hatsin nan na gwangwani. Da farko ya ƙi, ya ce likita ya mai da shi doki. Yaya ce ta yi ta dabara har ya zama ba ya karya kumallo da komai sai shi. Ni ban taɓa kula da yadda take yi ba. Aikin guga nake yi a shagon wanki, kullum a guje nake fita don kada mota ta bar ni. In aka bar min tukunya, komai nake zubawa lokaci ɗaya in juya in sauke. Shi ya sa tun ina ƙarama Baba yake kirana Gaggawa. Yaya takan ce in ni na dama, ko bango aka shafa wa sai ya kama.

Safiyar farko bayan dawowarsa na tsaya a kicin na rasa ta inda zan fara. Na rufe ido ina tuno hannunta. Takan ɗora ƙaramar tukunya, ta yanka tuffa ƙanana ta zuba da ɗan ruwa kaɗan da girfa, ta bar su har ƙamshin ya tashi. Wannan ƙamshin ne yake tada Baba, ba a buga masa ƙofa. Sannan ta zuba madara da ruwa, ɗan gishiri a bakin yatsa, citta ƙyas, ta zuba ot tana juyawa a wuta kaɗan. Ta yayyanka dabino a maimakon sukari. Ayaba kuwa sai ta sauke take murƙushe ta a ciki, wai in ta dahu tana yin baƙi. Duka ba ya ɗaukar lokaci, kafin ruwan shayi ya tafasa ta gama. In ta gama sai ta ƙwanƙwasa cokali a bakin tukunya.

Haka na yi, har ƙwanƙwasa cokalin. Ban san me ya sa na yi ba. Baba ya cinye tas, ya ce ashe Gaggawa ta iya zama. Tun daga ranar kullum haka nake yi, ba na canza komai, gani nake in na canza wani abu asirinmu zai tonu. Da ƙamshin girfar nan ya tashi sai kuka ya zo min, domin ji nake kamar tana tsaye a bayana da ɗaurin ɗankwalinta a karkace. Sai in kunna famfo da ƙarfi in yi kukana a cikin ƙararsa, in wanke fuska, in kai masa kwano ina dariya. A gidanmu ba a kuka a fili. Masu zuwa gaisuwa ma a bakin ƙofa muke tare su. Hotonta yana nan a bango, kayanta suna nan a rataye, takalminta na aiki ne kawai na ɓoye don kada Baba ya yi tuntuɓe da shi ya tambaya.

Kwanan nan abubuwa sun fara ba ni tsoro. Baba ya daina tambayar yaushe Yaya za ta dawo, alhali da kullum sai ya tambaya. Ba ya cinye abincin, sai ya riƙe kwanon da hannu biyu har ya huce. Akwai koren kwano mai ɗan tsagewa a baki wanda Yaya take ci a ciki, ba mai taɓa shi. Rannan ya ce in ɗauko shi in riƙa ci a ciki, kwano ba ya son zama. Wata safiya kuma Auta ya ce zai kira mai gyara ya duba famfon kicin, ƙararsa ta yi yawa. Baba ya ce a ƙyale famfo, lafiyarsa ƙalau. Ni dai gani nake kansa ya fara juyewa, ko kuma jikinsa ne yake sanyi a hankali muna kallo. Ina wajen aiki in wayata ta yi ƙara sai dutsen guga ya nemi faɗuwa daga hannuna. Har rigar mutane na ƙona saboda haka.

Sai shekaranjiya, ina karɓar kwano daga hannunsa, ya riƙe min wuyan hannu ya ce, "Gaggawa, ranar hutunku ku kira min yayarku. Na gaji da saƙo."

Gwaggo, na ajiye kwanon na fita. Na gaya wa Auta, shi direban tasi ne, yaro ne mai kirki amma yana ganin komai da gyara ake yi. Ya ce ai abin mai sauƙi ne. Muryata da ta Yaya iri ɗaya ce, ko dangi ba sa rarrabe mu a waya. Wai in zauna a motarsa a ƙarshen layi in kira da wata lamba, in gaishe da Baba a gurguje, in ce waya ba ta da kyau, in kashe. Baffa ma ya ce ba laifi, in dai don lafiyar yayansa ne. Jiya mun gwada a cikin motar. Na buɗe baki na ce Baba ina kwana, da jan muryar nan tata, sai na ji kamar ita ce ta yi magana daga cikin ƙirjina. Ban ƙarasa gaisuwar ba, Auta ya daina dariyar da yake yi, ya kifa kai a sitiyari.

Tsorona uku ne kuma duk a kan Baba suke. In na kira ya gane, zuciyarsa za ta iya tsayawa da waya a hannu, ni kuma ina can ƙarshen layi. In bai gane ba, shi ke nan na zama Yaya, mako mai zuwa ma sai ya ce a kira. In kuma na faɗa masa gaskiya ya faɗi, da wane ido zan kalli Auta da Baffa? Na rasa uwa, na rasa Yaya, shi kaɗai ya rage min. Ki gaya min, in yi wayar nan ko kada in yi?

'Yarki, mai ƙaramar tukunya.

*

'Yata, Allah ya ji ƙan Yayarki, ya sa ta huta, ya sanyaya miki zuciya. Rubutunki ba shi da laifi, na fahimci komai.

Amsata a taƙaice: kada ki yi wayar nan. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kara kunne a jikin rediyo yana gano wayar da ta tsinke, ba shi za a ruɗa da muryar 'yarsa ba. Dangi na iya kasa rarrabe ku, uba ba zai kasa ba. Kuma ke da kanki kin ga abin da gwaji kawai ya yi miki, kin ga abin da ya yi wa Auta.

Ba zan ga laifin Baffa ba. Ranar da ya yanke shawarar nan, yayansa yana kan gadon asibiti tsakanin rai da mutuwa, kuma likita ya yi gargaɗi. Ɓoyewar ta yi amfani a lokacinta. Amma magani ma in an wuce ƙa'idarsa cuta yake zama. Abin da aka yi don kwana kaɗan ya zama zaman gida, har ya kai ana neman a tada muryar mamaciya.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki a hankali, kamar wata ce ta rubuto miki. Uba ya daina tambayar ranar dawowar 'yarsa. Ya ce a ci abinci a kwanonta. Ya ce a ƙyale famfo, lafiyarsa ƙalau. Kin ce ko allura ta faɗi yana ji, to kukan 'yarsa a kicin kowace safiya ne ba zai ji ba? Ba ni da tabbas, domin ban zauna da shi ba, amma ni ban ga alamar juyewar kai a nan ba. Abin da na gani shi ne dattijo da ya daɗe da zargin abin da ya faru, yana shiru don ya tausaya muku kamar yadda kuke shiru don ku tausaya masa. Kowa ya shige ɗakinsa da nasa kukan. In haka ne, ba mamaki abinci ya huce a hannunsa. Kuma da ya ce ya gaji da saƙo, ƙofa ya buɗe muku.

Tsoronki game da zuciyarsa gaskiya ne, kada wani ya raina shi. Saboda haka kada ki ɗauki wannan kaya ke kaɗai, kuma kada ki yi gaggawa, ko da sunanki ne. Ki nemi izini a wajen aiki, ku je ke da Baffa wurin likitansa kafin ranar hutun. Ku gaya masa komai, har da rage cin abincin, domin wannan ma abin dubawa ne. Ku tambaye shi kai tsaye ko jikin Baba zai ɗauki labarin yanzu, da inda ya fi dacewa a faɗa, gida ko asibiti, da abin da za ku yi in ya ji nauyi a ƙirji. In likita ya ce a jira, to ku jira, amma ku ce wa Baba ba za a samu Yaya a waya ba, iyakar gaskiyar ke nan, kada a ɗora sabuwar ƙarya a kan tsohuwa. In ya ce za a iya, a faɗa da safe, bayan ya sha magani ya ci abinci, ku ukun kuna zaune, motar Auta tana bakin ƙofa. Baffa ne ya rufe maganar, shi ya kamata ya buɗe ta. Ke ki riƙe hannun mahaifinki kawai.

Zai yi kuka, wataƙila ya yi fushi don an binne 'yarsa bai sani ba. Ku bar shi ya yi, ku ba shi haƙuri ba tare da kare kai ba. Haƙƙinsa ne ya yi mata addu'a da sunanta, ya karɓi gaisuwar mutane, a kai shi ya dafa ƙasar da take kwance. Ke ma haƙƙinki ne ki yi kukan yayarki ba sai kin kunna famfo ba.

Batun tukunya kuwa, abin da Yaya ta bar miki gado ne mai kyau, ki riƙe shi. Ki ci gaba da fara dafa tuffa da girfa, ki bar ayaba sai kin sauke. Amma cokalin nan da kike ƙwanƙwasawa, ki huta da shi. Baba yana da 'ya mai rai, ya kamata ya ji motsinta a kicin, ko da motsin na gaggawa ne. A safiyar ranar ki ƙara yawan abin da kike damawa, ki zuba masa nasa, ki zuba naki a koren kwanon kamar yadda ya ce, ki ja kujera kusa da shi ku ci tun da ɗuminsa.

Allah ya ba Baba lafiya da ƙarfin zuciya, ya kwantar miki da hankali, ya bar ku tare shekaru masu yawa.

Gwaggonki.