Ranar da Muka Kai Yara Tsohuwar Fada

Litinin, 4 ga Maris

Jibi za mu kai 'yan aji uku tsohuwar fada. Malamin tarihi ne zai ja gaba, kamar kowace shekara. Shekara talatin yana kan kujerar shugaban sashe, ni kuma ina masa dakon alli. Kan tsohon ya fara kwancewa, kowa ya sani, kowa ya yi gum. Na roƙi Hedimasta ya biyo mu. Na ce don yara su ji daɗi.

Laraba, 6 ga Maris

Tsohon ya yi abin da na zata, har da ƙari.

A zauren farko ya ba da labarin sarkin da ya gina ganuwa. A na biyu ya maimaita. A ɗakin makamai ya sake ɗauko shi daga farko, har da ɗaga yatsa. Yara sai ƙunshe dariya suke. Na ga Hedimasta ya duba agogo, na ji sanyi a raina.

Da la'asar muka shiga mota. Takardar sunaye tana hannuna, yara arba'in da biyu, duk suna ciki. Sai tsohon ya tsaya a bakin ƙofa ya ce saura ɗaya. Hedimasta ya juyo ya ce, "Malama, haka ne?" Na ce, "Ai Malam ya fi ni sani, ranka ya daɗe."

Tsohon ya koma cikin fadar da sandarsa. Muka bi shi. Ya sauka matakala mai santsi ta kurkukun fadar, yana dafa bango, yana kira, "'Yar Firit! 'Yar Firit, fito, ga ni nan!" Ya ce da mai gadi yarinyar tana tsoron duhu, a taimaka a kawo fitila.

Ni ce 'Yar Firit. Haka ake kirana a aji uku. Shekara ashirin da biyu ke nan da na ɓace a kurkukun nan, shi ya fito da ni a kafaɗa ina ta kuka.

Ina tsaye a bayansa, taku uku tsakaninmu. Na bar shi ya yi ta kira. Sai da Hedimasta ya gani da kyau, sai da yara suka sauko suka gani, sannan na miƙa takardar na ce, "Af, ashe sun cika."

Wandonsa duk laka.

Juma'a, 8 ga Maris

Hedimasta ya ce in rubuta rahoto. Shafi biyu na yi. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba.

Talata, 19 ga Maris

An sallami tsohon, wai hutun rashin lafiya. Kujera ta zama tawa. Tana ƙara idan an zauna, zan sa a canza.

Maigidana ya ce shi bai ga abin murna ba. Wa ya tambaye shi?

Alhamis, 28 ga Maris

Matar tsohon ta zo kwasar kayansa. Tsohuwa ce siririya, ta zo da buhu ɗaya, littattafan kuwa sun fi buhu huɗu. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ya ce da ba ki nuna takardar nan ba, da har yanzu yana cikin ramin." Ta ce tun ranar ba ya fita, ba ya son a gan shi. Abinci ma sai ta yi da gaske.

Na ce amin. Na kira mata mota. Me kuma zan ce?

Talata, 2 ga Afrilu

Yau na biyo ta layinsu da na tashi daga makaranta. Babbar hanya ta cika cunkoso, shi ya sa. Ƙofar a rufe take. Na ɗan tsaya a gefen titi saboda injin motata ya yi zafi.

Lemon da na saya yana nan a bayan mota. Na yarana ne.

Gobe ma wataƙila a yi cunkoso.