Littafin Auta mai koren bango

Yaya,

An kira ni ofis, ban so in tashe ki ba, shi ya sa na bar miki wannan takarda.

Littafin da na ba Auta jiya, bayansa kawai na karanta, kamar mai tsayawa a kanun labari. Wanda ya ara mini ya kira ɗazu: a tsakiya uwar yarinyar tana rasuwa a asibiti, ciwo irin na Umma.

Na shiga in ɗauke, tana barci. Ta riga ta wuce wurin. Shafin ya jiƙe ya bushe. Tun rasuwar Umma ba wanda ya ga hawayenta.

Kada ki karɓe, kada ki tambaye ta. In ta nemi wani, yana kan firij. Shi na karanta har ƙarshe.

Ƙaninki