Babana Yana Aike Na Wurin Wanda Ya Mutu

Anti Beryl,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Ki ɓoye sunan garinmu, ko da yake duk wanda ya taso a yankin Mallee na Australiya zai gane mu.

Babana ya haura tamanin. Mervyn ne sunansa, amma tun yana saurayi Rumbu ake ce masa, wai tsawonsa ya kusa na rumbun alkamar da ke tashar jirginmu. Ya buga ƙwallon Australiya, irin wadda ake cafewa da hannu, a Melbourne, kuma tsofaffi har gobe suna cewa idan alƙali ya doka ƙwallo a tsakiyar fili, ba mai riga hannun Rumbu taɓa ta. Da gwiwarsa ta lalace ya dawo gona, ya zama kocin ƙungiyar garinmu, ya ci mata kofi huɗu. Yanzu ƙungiyar ta mutu don rashin matasa. Filin ma tumaki ke kiwo a ciki, turakun gola na gefen titi sun karkace.

Ciwon mantuwa ya kama shi, ni nake jinyarsa tun rasuwar mamana. Yakan manta sunana, amma Asabar, ranar wasa, ba ta ɓace masa. Da rana ta ɗaga zai sa tsohuwar rigarsa ta sanyi ya tsaya a bakin mota. Sai in cika fulas da shayi in kai shi filin, ya zauna a bencin koci yana yi wa iska tsawa. Da farko har dariya nake yi.

To, a wasan ƙarshe na 1978 akwai wani ɗan wasansa, Darryl, mai shekara ashirin da ɗaya. Ya yi tsalle zai cafe ƙwallo, gwiwar wani ta same shi a kai. Ya tashi yana tangaɗi. Wasa ya yi zafi, Baba ya bar shi a ciki. Darryl ya ci ƙwallo, motocin da suka kewaye fili suka yi ta hon, muka ɗauki kofi. A ɗakin sauya kaya ya faɗi, kafin Litinin ya rasu. Ina 'yar shekara goma, ina taya mamana sayar da miya a rumfa, na ga lokacin da aka fito da shi. Baba ya ci gaba da horarwa shekaru masu yawa, ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba.

Yanzu ba shi da wani suna sai shi. Da sanyin bana ya fara ɗauka ta a matsayin ɗan aikensa, mai rugawa cikin fili ya kai wa 'yan wasa saƙon koci. Sai ya damƙe hannuna ya ce, "Kai, tsayuwar me kake yi? Ruga ka ce wa Darryl ya fito. Ka ce in ji ni. Kofin banza ne, ya fito!" Ni kuwa, mace mai jika, sai in taka har tsakiyar fili cikin tumaki, in ɗan tsaya, in dawo.

Ranar farko na ce masa ba kowa a filin. Ya yi kuka kamar yaro, ya ƙi cin abinci. Asabar ta gaba na ce, "Ya fito, Koci." Ya yi ajiyar zuciya, ya shanye shayinsa. Can sai ya ce, "To ina yake? Kawo min shi in ga idonsa."

Ƙanena Glenn, da ke zaune a Mildura, ya ce ina ƙara masa ciwo ne, kuma ni ma na kusa zarewa. Yana so a kai Baba gidan kula da tsofaffi kusa da shi. Abin da ban gaya wa Glenn ba shi ne, yanzu idan na isa tsakiyar fili da baki nake faɗar saƙon, kuma tsigar jikina takan tashi, kamar akwai mai haki a bayana. Ba na iya waiwayawa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Darryl yana da yaya, Lorraine, tana nan garin. Tun wancan lokaci idan ta hango Baba sai ta tsallaka titi. Asabar da ta wuce ina dawowa daga tsakiyar fili na ga motarta a bakin shinge. Ta sauke gilashi ta ce, "Ke, 'yar Rumbu, me yake aiken ki ki faɗa a can?" Na ce ba komai. Ta daɗe tana kallon bencin, sannan ta ja motarta.

Anti, in ci gaba da yi wa Baba ƙarya? In bi maganar Glenn? Lorraine kuma fa?

Daga 'Yar Aike

*

'Yar Aike,

Sannu da ɗawainiya. Ba ki zare ba. Yarinyar da ta ga an fito da Darryl a sume a ranar murna ce take tsaye a tsakiyar filin nan, ga gajiyar jinya a kanta. Ki gaya wa likitanki abin da kika gaya min, kada ki rage komai.

Glenn ba maƙiyinki ba ne. Yana da gaskiya cewa mutum ɗaya ba ya ɗaukar wannan kaya, kuma ranar da Baba zai buƙaci gidan kula tana tafe. Inda ya yi kuskure shi ne yanke hukunci daga nesa. Ki ce ya zo ya kai Baba filin da kansa ko sau biyu ne, ke ki huta, sannan ku zauna tare da likitan Baba ku tsayar da magana. Kafin nan kada ki hana tsohon Asabar ɗinsa, amma ki daina zuwa ke kaɗai.

Batun ƙarya kuwa, gardama da mai ciwon mantuwa azaba ce kawai, kin gani da idonki. Sai dai "ya fito" alkawari ne da ba za ki iya cikawa ba. Ki ce, "Na faɗa masa, Koci." Wannan gaskiya ce. Sai ki miƙa masa shayi, ki tambaye shi labarin Melbourne.

Lorraine ta yi tambaya, kuma tana da haƙƙin amsa. Ki same ta a gidanta, ba a bakin fili ba. Ki faɗa mata kalmomin Baba yadda suke, har da na kofin. Kada ki roƙa masa gafara, kada ki kare shi da cewa zamanin ba a san illar bugun kai ba, ko da yake haka ne. Tana iya rufe miki ƙofa, tana iya cewa tana so ta ji da kunnenta. Zaɓin nata ne, kuma ki shirya wa kowanne.

Darryl ba zai ji saƙon nan ba, 'yata. Amma ya bar wadda take raye, tana jiran ta san ko mutumin nan ya taɓa damuwa. Ki kai mata tun tana iya karɓa. Allah ya sassauta wa Baba, ya sanyaya zuciyar Lorraine, ke kuma ya ba ki hutu.

Taki,
Anti Beryl