Mai Riƙe da Igiya

Agadas, ran Lahadi

Zuwa ga Illiya, ƙanen maigidana marigayi, a Cibarakaten.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen raminka. Ina gajiyar aiki? Ka yi haƙuri da rubutuna, sai da na yi furfura na shiga lakwal, makarantar manya, har yanzu layi yana zame mini. Na ƙi yin saƙon murya ne don salularku a bainar jama'a kuke kunna ta.

Amadou direba ya faɗa mini kome. Ya ce autana Sagir, da ka ɗora kan igiyar da ke sauke mutane cikin ramin zinariya, ya saki hannu ran Talata, saura kaɗan abokin aikinsa Illo ya faɗa. Ya ce yana rawar jiki, yana mantuwa, yana zagin manya. Ya ce wai aljanun zinariya ne, kuma in wata ya ƙare bai warke ba za ku ɗaure shi ku aiko mini. Illiya, ka san garin nan. Wanda aka sauke daga mota da igiya a hannu, sunan mahaukaci ya bi shi ke nan har kabari.

Ka ba ni kwana ashirin. Ka ce ya rubuto mini da kansa: wane lokaci abin ke zuwa, kuma me yake ci tun daga asuba. Ga sukari kilo biyu na aiko masa kamar kullum, ko ransa ya yi sanyi.

Allah ya tsare ku.
Zuwaira

*

Cibarakaten, ran Alhamis

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ina gida, ina maƙwabta?

Kada ki yi kuka, ban haukace ba. Ko kuwa na haukace ban sani ba. Da hantsi yake zuwa, wajen ƙarfe goma. Gumi ya karyo mini, hannu ya hau kaɗawa, in ji kamar an zuba rairayi cikin kaina. In wani ya yi tari ma sai in ji kamar in mare shi. Ƴan rami su ce, "Ga mutanen nan sun iso, a ba shi shayi!" In na sha sai in dawo garau. Kafin la'asar ya komo.

Abinci kuwa, Inna, wa ke da lokacinsa? Tun da ni ke da sukari, ni aka naɗa mai shayi. Illo na kirana Sarkin Buta. Nakan dafa wa masu shiga, in dafa wa masu fitowa, kofi uku uku, kuma kin san mai dafawa sai ya ɗanɗana kowane zubi kafin ya miƙa. Da wannan da biskit nake wuni. Sai magariba mu ci taliyar maka da manja, in ban yi barci a zaune ba.

Baba Illiya ya ɗauke ni daga igiya. Yanzu duwatsu nake tsinta.

Na gode da sukari.
Ɗanki Sagir

*

Agadas, ran Laraba

Illiya, da kai Auta, wannan taku ce ku biyu.

Ina gaishe ku. Ku zauna ku karanta, don ni da na ji abin nan sai da na nemi wurin zama.

Na kai takardar Sagir wurin Ramata, ƴar maƙwabciyata da ke aikin jinya a likitar unguwa, wato ƙaramin asibitinmu. Ta karanta sau biyu, ta ce, "Inna Zuwaira, wannan aljani agogo gare shi? Ƙarfe goma kullum?" Na ce kada ta yi mini wasa da ɗa. Ta ce ba wasa take ba. Ta ce ƙwaƙwalwa cin abinci take, dare da rana, kuma daga jini take ci. Sukari a kan cikin da ba kome wutar kara ce: ta tashi fuu, ta mutu, ta bar ta da yunwa. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da bakin cewa tana jin yunwa, sai ta faɗa da rawar hannu da fushi da mantuwa. Ta ce ba za ta rantse ba sai an auna jininsa, amma a fara ba shi abinci.

Subhanallahi! Shekara hamsin da takwas ina ɗauka haƙuri a zuciya kawai yake zaune. Ashe yana da hanya ta cikin ƙwarya. Na dawo gida na ɗebi gero a tafin hannu ina kallo kamar ban taɓa ganinsa ba. Wannan ƴar ƙwayar, ita ce za ta shiga ta zama tunani, ta zama sallama mai daɗi, ta zama hannun da ba ya sakin igiya? Wanda ya tsara haka ya isa a ji tsoronsa.

Sai na tuna babana, da ya yi shekaru yana bin ayari zuwa Faci ɗaukar gishiri. Ba ya yarda a ɗora buta sai kowa ya sha gumbar gero da cuku da dabino. Yakan ce mai neman hanya a hamadar Tenere ba ya fita da ciki wofi, taurari sukan rikice masa. Mu yara muna dariya. Bai san jini ba, bai san likita ba, amma ya sani.

Auta, laifin nawa ne. Ranar da aka fita da gawar babanka kana shekara huɗu, kana ta kuka, na sa maka ƙwayar sukari a baki ka yi shiru. Tun ranar duk abin da na kasa faɗa maka da sukari nake faɗa.

Ga buhu wurin Amadou. Ni na daka gumbar da hannuna, da cuku da dabinon Faci. Akwai ƙuli-ƙuli da wake da ɗan kilishi. Ka dama ka sha kafin a hura wuta. Da hantsi ka ƙara, kada ka jira jiki ya fara. Shayi ka sha zubin ƙarshe kaɗai, bayan ka ci. Butar kuma ka ba Illo, ya ɗanɗani sarautar shi ma. Babu sukari a buhun, kada ka zazzage shi kana nema.

Illiya, saura kwana goma cikin ashirin ɗina. Ina ƙirgawa.

Allah ya maido ku lafiya.
Zuwaira

*

Cibarakaten, ran Juma'a

Inna, barka da Juma'a.

Kwana uku na farko na ji haushinki, kaina ya yi ciwo kamar ya tsage. A na biyar, ina tsintar duwatsu na tambayi Illo ko goma ta yi. Ya ce, "Azahar ake nema, tsohon sarki." Na duba hannuna, yana nan shiru kamar na wani. Inna, har tsoro na ji. Na tuna sunayen duk ƴan ajinmu na firamare, ban san suna nan ciki ba.

Amma ba wanda ya yarda in riƙe masa igiya. Illo ya ce aljani ma yakan tafi ganin gida. Ban zage shi ba. Wannan ma ya ba su mamaki.

Gobe kwanakinki ke cika. Ki yi addu'a.
Sagir

*

Cibarakaten, ran Asabar

Yaya Zuwaira, gaisuwa da girmamawa.

Yau da ƙarfe goma daidai na shiga rami da kaina, zurfin gaba talatin, Sagir ke riƙe da igiya. Ga ni ina rubuta miki.

Zai zo da Amadou a auna jininsa, a gaban mota zai zauna. Ki ƙaro gumba. Mu goma sha ɗaya ne.

Ƙanenki Illiya