Kwanon da Na Mayar Miki Ba Komai

Zuwa ga Maman Bose, a duk inda kike,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Baban Bose da yara da jikoki. Ni ce Hajara, wadda kike kira Amarya, maƙwabciyarki ta gidan haya a unguwar Nasarawa, Birnin Kebbi, tun muna cikin jihar Sakkwato. Ban san inda zan aika miki da takarda ba. 'Yata Hadiza ce ta ce in rubuta ta sa a shafinta na intanet, wai ko wani jikanki zai gani. Ban yarda da waɗannan shafukan ba, amma ke kin san ni, da me na taɓa yarda?

Kin tuna haihuwar Hadiza? Ta zo da wata takwas, Inna tana Argungu tana fama da ƙafa, maigidana kuwa ko wuta bai iya hurawa ba. Ke ce kika rufe rumfar atamfarki a kasuwa, kika tafasa ruwa, kika tsinko ganyen darbejiya, kika yi min wankan jego safe da yamma. Kunun kanwa ma sai da kika je wurin tsohuwar mai gidan kika koya. Na farkon da kika dama, wallahi kanwa ce zalla, don kunya na sha.

Da Inna ta iso bayan kwana goma sha biyu, ta dube ki sama da ƙasa, ta yi miki godiya. Kina fita ta juyo kaina. "Ke Hajo, mi wagga mata taka biɗa gare ki? Ke ba ɗiyatta ba, addininku ba guda ba. Buɗe idonki." Tun daga ranar ban sake karɓar abin hannunki da zuciya ɗaya ba.

Gidanmu na masunta ne. Tun ina ƙarama na san dalilin da ake sa wa ƙugiya koto, don haka duk abin da kika yi min sai in juya shi in duba ƙarƙashinsa. Duk Lahadi in kin dawo daga coci, kwanonki mai murfi, mai zanen jan fure, zai shigo ɗakina da dafa-duka ko alala. Kin ce wurin mahaucinmu kike sayen nama. Bari in faɗa miki yau, sai da na je na tambaye shi da kaina.

Mu kuma ba mu mayar da kwano ba komai. Sai na mayar da al'adar makami. Ki aiko da ɗaya, in mayar da biyu: busasshen kifi daga gida, albasar fadama, shinkafa 'yar Argungu. Ba don ƙauna nake yi ba, don kada wata rana ki ce na ci naki ne.

Wata rana muna tsince shinkafa a tsakar gida na ce bari in taɓa ƙugiyar in gani. Na tambaye ki me ke kai mutum aljanna a wajenku. Ban manta amsarki ba, da Hausar nan taki mai lanƙwasa. Kika ce a wajenku kowane ɗan Adam mai zunubi ne, har fasto, kuma ba wanda zai iya wanke kansa da aikinsa. Kika ce shi ya sa Allah Ya aiko Yesu Almasihu, ya ɗauki hukuncin mutane a kan gicciye, ya mutu, ya tashi a rana ta uku. Wanda ya tuba ya ba da gaskiya gare shi, an gafarta masa, sai a yi masa baftisma a ruwa, jama'a su shaida.

Na ce to aikin kirki fa, na banza ne? Kika ce a'a, daga baya yake zuwa, godiya ce, ba shi ke kawo ceto ba. Sannan kika faɗi maganar da ta bi ni har Sakkwato: "Amarya, kyauta ce. Hannu wofi ake zuwa karɓa."

Na faɗa miki namu ban rage komai ba. Annabi Isa, alaihissalam, annabinmu ne, muna girmama shi, amma ba ɗan Allah ba ne, kuma ba a kashe shi ba. Kowa da aikinsa za a auna, sai rahamar Ubangiji ta rufe. Na ce a kan wannan zan mutu. Kika ce "to," kika ci gaba da tsince tsakuwa.

Wannan "to" ɗin ya fi wa'azi ba ni tsoro. Babana yakan yi rabin yini a bakin gulbi bai ja igiya ba, kuma ba ya dawowa gida haka nan. Na ce a raina matar nan irinsa ce.

Sai Kirsimetin nan ta ƙarshe. Na dawo daga Argungu ke nan, Inna ta sake ja min kunne, ga kwanonki ya shigo da shinkafa da cinyar kaza. Na juye, na wanke shi tas, na rufe, ban sa ko ƙwayar gyaɗa ba. Na kai miki da hannuna don in ga fuskarki. A wajenmu wannan rufe ƙofa ne, kowace mace a gidan ta san haka, har tsohuwa ta daina daka tana kallonmu.

Kika ɗaga murfin, kika dubi ciki, kika dube ni. Sai kawai kika rungume ni kina cewa, "Sai yau kika karɓi abu a hannuna, Amarya." Na koma ɗaki cike da haushi. Na ce har zagin ma kin mayar da shi wa'azi.

Bayan wata biyu aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Sakkwato. Ranar da motar kaya ta zo kina kasuwa. Kasuwar ba nisa, na san rumfarki, amma sallahu kawai na bar wa tsohuwa. Da muka dawo bayan an ba mu jiharmu, aka ce kun daɗe da komawa gida.

Yanzu na tsufa, ina da lokacin tunani. Shekara huɗu muka zauna, ina ta jiran ranar da za ki ce in raka ki coci. Ba ki taɓa cewa ba. Abin da na tuna shi ne ke kike goya Hadiza in na tashi sallar la'asar, kina korar yara kada su gitta ta gabana.

Duk da haka hali bai bar ni ba, akwai abin da nake zarginki da shi har gobe. Matar da ta yi shekara ashirin cikin Hausawa ba za ta rasa sanin ma'anar kwano ba komai ba. Ina zargin kin sani sarai. Kin ga zagin, kika haɗiye, kika rufa min asiri a gaban matan gida.

Ina nan a kan addinina, Maman Bose, kuma na san kina kan naki. Ba wannan ya kawo ni ba. Na zo in ce miki da gangan na yi, kuma abin yana cina shekara da shekaru. Ki yafe min. Hadiza ta tambaye ni me za mu haɗa miki in an same ki, ko kifi ko albasa. Na ce kada ta haɗa komai, wannan karon haka zan zo.

Allah Ya ba ki lafiya da tsufa mai daɗi, Ya raya miki zuri'a, Ya sa ki sami mai tafasa miki ruwa ranar da jiki ya ƙi. In kuma kin riga ni tafiya, lamarinki yana hannun Wanda Ya san abin da ke zuciyarki, tun lokacin da ni na kasa sani.

Taki, wadda kika yi wa wanka,
Amarya