Kunyar Ɗan Fari

Daga Ɗangiwa ɗan Malam Almu, ina kwance a Tambuwal, zuwa ga ƙanena Malami a Kebbe.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina sanyi, ina iyali? Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya.

Bayan haka, kada ka firgita, ba matacce ke rubuto maka ba. Ni ne wanka da mahara suka ɗauke a gonar auduga ta bayan gari, lokacin kana goye. Ba ka san ni ba, amma ka tambayi Goggo Atu, ƙanwar Baba, wane ne lauje ya sara a ƙaurin hagu ranar da ya je yanko wa akuyarta ciyawa. Tabon yana nan.

An yi ta sayar da ni daga hannu zuwa hannu har na tsinci kaina a bakin Kwara. A Lokoja wasu mutane suka fanshe ni, suka yi mini magani, suka ciyar da ni. A hannunsu na girma, na koyi sassaƙar jirgin ruwa. Ba zan ɓoye maka ba, don ƙarya fure take ba ta 'ya'ya: na bi addininsu. Ni mai bin Isa Almasihu ne, irin waɗanda kuke kira Nasara. Gara ka ji daga bakina da ka tsinta a kasuwa.

Bana wani falke ya gaya mini Baba ya daɗe da rasuwa, amma Inna tana da rai. Tun ranar ban ƙara barcin kirki ba. Na biyo ayari har Tambuwal, sai ga kurkunu ya fito mini a ƙafa, ko taki ɗaya ba na iyawa sai da sanda. Ina gidan Na'Allah mai saukar da fatake. Ayarin ya wuce Sakkwato, in ya juyo da shi zan koma kudu.

Ba gado na zo nema ba, ba gona ba. Kai ne mai gida yanzu, izninka nake roƙo. Ka aiko mini da jaki ta hannun Bube mai wannan saƙo, in zo in durƙusa gaban Inna, ta sa mini albarka, in juya. Ko ruwan gidanku ba sai na sha ba.

Ka gaida Inna, ka gaida Goggo. Ka huta lafiya.

*

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga Malami ɗan Malam Almu zuwa ga Ɗangiwa. Aminci ya tabbata ga wanda ya bi shiriya.

Bayan haka, takardarka ta iso. Goggo ta shaida tabon, Bube kuma ya rantse fuskarka ta Baba ce sak. Ba na musun jini.

Amma ka sani an yi maka addu'ar mamata tun Baba yana raye, muka haƙura. Wallahi da makaho ka dawo, ko kuturu, da ni zan je in goyo ka a bayana. Wannan da ka dawo da shi kuwa ya fi ƙarfina. Garin nan ba maganar da ake yi sai ta Nasara da jiragensu, duk baƙon da ya fito daga kudu ana masa kallon ɗan leƙen asiri. Ni ke jan salla in liman ba ya nan, ina kuma da 'ya'ya mata da ban aurar ba. In ka shigo Kebbe ban lamunce maka wuyanka ba, ban lamunce wa gidana ba. Saboda haka kada ka zo, sai fa in ka komo kan abin da aka haife ka a kai.

Game da Inna, na karanta mata takardarka a tsakar gida, gaban mata. Da na kai ga sunanka sai ta juya mana baya ta ci gaba da kaɗin zarenta. Ba ta tambayi lafiyarka ba, ba ta ambace ka ba. Na ce ko tana da saƙo, ta ce ita ba ta da magana a nan. Abin da na gani ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba.

Allah ya shirye ka, ya ba ka lafiya. Haza wassalam.

*

Daga Ɗangiwa zuwa ga Goggona Atu. Gaisuwa irin ta ɗa da uwa. Ina sanyi, ina ƙarfin jiki?

Goggo, ke na rubuto wa don ke kika riƙe ni ina ƙarami, a ɗakinki nake kwana, kuma ban san wa ya rage mini ba. Maganar Malami ta yi mini zafi amma na gane ta, tsoro yake ji, ba ƙarya ya yi ba. Ta Inna ce ta karya ni.

Na zauna na yi ta tono, na rasa rana ɗaya da ta taɓa kiran sunana. In na shigo ɗakinta fita take yi. In na faɗi ke kike ɗaga ni. A Lokoja na ga uwaye suna rungume 'ya'yansu a gaban jama'a, na riƙa gaya wa kaina ai ƙuruciya ce ta sa na manta, tawa ma ta yi mini haka. Ashe ban manta komai ba. Dā can ma ba ta so ni ba, balle yanzu da na dawo da abin kunya.

Labarina ya fita a Tambuwal. Fatake sun ce ba za su ƙara kwana zaure ɗaya da ni ba. Na'Allah mutumin kirki ne, bai kore ni ba, sai ya mai da ni rumfar jakai, ya ware mini ƙwarya tawa daban. Nan nake kwance a kan karan dawa, ina naɗe kurkunu a tsinke kaɗan-kaɗan. Ciwon ya kan sa ni kuka kamar yaro.

Kwanakin nan ne muke yin babbar sallarmu, Kirsimeti, wato tunawa da haihuwar Almasihu. A can dā yanzu an share ɗakin sujada, ana waƙa, ana kai wa maƙwabta shinkafa. Ni lissafin kwana ya ɓace mini a hanya, na dai san in an gama yankan dawa sanyi ya kankama, to ta zo. Na zaɓi ranar Lahadi na yi tawa ni kaɗai. Na fara waƙa a hankali, daga ni sai jakai. Sai na tuna an gaya mana shi ma Almasihu ba a sama wa uwarsa wuri a masauki ba, a wurin dabbobi ta haife shi. Na dubi jakan Na'Allah na ce to, aƙalla ya san irin wurin nan, ba sai na yi masa kwatance ba. Iyakar abin da nake riƙe da shi ke nan, Goggo, kuma wata rana ko shi kuɓuce mini yake yi.

An ce ayari ya kusa juyowa. Zan roƙe su su aza ni kan kaya in koma. Ki yafe mini wahalar da na ba ki ina yaro. Ba sai kin gaya wa Inna komai ba.

Allah ya ƙara miki lafiya. Ɗanki.

*

Daga Atu zuwa ga Ɗangiwa. Ina gaishe ka, ya ƙafa, Allah shi sawwaƙa. Da hannuna na rubuta, don na yi karatu wurin jaji, malamar nan mai koya wa mata, tun ba a haifi Malami ba, kuma ban son kowa shi ji wagga magana.

Kai dai wawa ne, Allah shi jiƙan ubanka. Mi aka koya maka can bakin ruwa, in ban da sassaƙa da kuka? Sun fanshi jikinka sun bar hankalinka wurin mahara?

Kai ne ɗan fari! Wace 'yar mutunci ka taɓa ji ta kama sunan ɗanta na fari? Wace ce ke ɗaukarshi gaban mutane? Don mi kake tsammani aka kawo ka ɗakina tun daga yaye? Kunya ce, ɗan nan, kunyar ɗan fari, kowace uwa ta gari tana yin ta. Ni ma nawa har ya mutu ban kira sunanshi ba, kuma Allah ya sani ban ƙara ganin hasken duniya daidai ba tun ranar.

Ka saurara da kyau. Da ta ɗauke ka bare, ko ta cire ka daga ranta, da ta buɗe baki gaban matan nan ta faɗi sunanka gatsal, ta tsine ko ta yi tsaki. Bare ba a jin kunyarshi. Juya bayan da ta yi, shi ne ta gaya wa duk mai hankali a gidan cewa wanga nata ne. Malami ya san haka sarai. Bai yi maka ƙarya ba, amma ya san abin da ya yi, kuma na faɗa mishi ido da ido.

Tunda kai sai an tauna an ba ka, to ji. Shekara da shekaru, ko tatsuniya take yi wa jikoki, in ta kai ga giwa sai ta ce babbar dawa, don kada sunanka shi bi ta bakinta. Ranar da aka karanta takardarka, zaren da ta kaɗa duk tsinkewa ya yi ta yi, ko zani guda ba ya saƙuwa da shi. Da Bube ya zo tafiya ta tsai da shi bayan danga, wai tana tambaya ko bana ana sanyi Tambuwal, ko gidan Na'Allah suna hura wa baƙi wuta. Ina ruwanta da baƙin Na'Allah?

Kada ka ɗauka na yarda da addinin nan naka. Ban yarda ba, kuma kullum ina roƙon Allah shi komo da kai. Amma wagga daban, waccan daban.

Abin da ya fi ƙarfina shi ne hanya. Malami ya rantse ba ka shiga garin, kuma gaskiyarshi, mutane sun fara gunaguni. Ita kuwa ta tsufa, idonta guda ya tafi, ko rijiya ba ta zuwa. Ba ta roƙon Malami don kai, bakinta ba ya iyawa. Ni tsohuwa ce, magana gare ni, ban da jaki. Ban san yadda za a yi ba, ɗan nan. Na dai ƙi ka koma da wancan tunani a ranka.

Allah shi yi maka albarka, shi shirye ka. Goggonka.

*

Daga Ɗangiwa zuwa ga Goggo Atu. Gaisuwa da godiya.

Zaginki ya fi mini duk maganin da aka shafa mini a ƙafar nan. Na karanta, na sake karantawa, na yi dariya, na yi kuka, har Na'Allah ya leƙo ya ga ko na taɓu.

Kin tuna mini wani abu a labarin haihuwar nan da na sha ji ban taɓa kula ba. An ce mana Almasihu shi ne ɗan farin Maryamu. Makiyaya sun zo ganinsa suna ta magana, kowa yana mamaki, ita kuwa ba a ce ta ce uffan ba, an dai ce ta ajiye kome a zuciyarta. Dā ina ɗauka ba ta da abin faɗa ne. Yanzu na ce ashe har a can akwai uwar da ta yi shiru a kan ɗanta gaban mutane, kuma ba wanda ya kai ta sonsa. Na san ba za ki karɓi wannan daga gare ni ba, amma ni shi ya tashe ni zaune.

Ayari ya iso, ya kuma tashi jiya. Madugu ya ce in hau, na ce ya sauka lafiya. Na'Allah ya yi ta faɗa, ya ce yanzu ba ni da kowa a ƙasar nan, in aka aiko daga fada a tafi da ni shi ba abin da zai iya. Na ce na ji. Tsoro kam ina ji, Goggo, in na ji takun doki a ƙofa sai in lafe bayan jakai. Ƙafar ma ta ƙara kumbura.

Ba zan zo Kebbe ba, ba zan ja wa Malami masifa ba. Ba zan kuma bar abin da na gaskata ba don a buɗe mini ƙofa, in na yi haka ƙarya zan kai wa Inna. Zan zauna nan inda iska ɗaya ke kaɗa mu da ita, in jira abin da Allah zai yi. In ba mu gana ba, ki san na daina cewa ba ta so ni ba.

Kada ki ce mata ina gaishe ta gaban mutane. Ɗanki.

*

Daga Malami zuwa ga Yaya Ɗangiwa. Gaisuwa.

Bayan haka, yau da safe Inna ta ce a ɗaura wa jaki shimfiɗa, za ta kasuwar Tambuwal sayen kanwa. Na ce mata akwai kanwa cike da tulu a ɗaki. Ta ce ba irinta take so ba. Na ce hanya da nisa, ga sanyi, ga jikinta. Ko dubana ba ta yi ba.

Ban aike ta ba, ban kuma sauya magana a kan addininka ba. Amma ban iya hana uwata sayen kanwa. Bube zai ja mata jakin a hankali, na ba wani mai doki takardar nan don ta riga su.

In ta iso ba za ta dube ka ba. Kada ka matsa mata. Ka sa a hura mata wuta.

Wassalam.